Shekarar da na rufe injin ido

Ku da kuka tashi a gidan nan kun ji labarin makantar kakarku iri biyu, kuma ko ɗaya bai cika ba. Ƙanena Sa'idu, wanda kuke kira Baba Ƙarami, har ya koma ga Allah yana cewa taurin kaina ne ya cinye idon Inna. Uwarku kuwa, da yake ba ta son a taɓa ni ko da wasa, cewa take ba ni da laifi ko kaɗan, ƙaddara ce ta zo. Na bar kowa da nasa shekara da shekaru, don kun san ni ba gwanin zama a yi ta jan magana ba ne. Amma yanzu da na ajiye aiki, nawa idon ma ya fara neman tabarau mai kauri, na ga gara in rubuta muku da hannuna. Akwai inda na yi daidai a shekarar nan, akwai inda na yi kuskure, kuma kuskuren ba a inda mutane ke nunawa yake ba.

Sai kun fara sanin yadda muke da Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma a zamaninsu mace ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ana yaye ni Goggo, yayar babanmu, ta ɗora ni a amalanken jaki ta tafi da ni Safo, can na yi wayo. Da aka dawo da ni Madarumfa don in shiga lakkol, makarantar boko, na tarar da wata doguwar mata tana saƙar faifai a gindin bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, aka ce ita ta haife ni. Ban taɓa jin sunana Haruna a bakinta ba. Na-Safo take ce mini, shi ma ba da ni take ba, da wanda ke kusa take. In na shigo gida sai ta juya gefe ta ce wa ƙanwata Rabi a tambayi Na-Safo ko ya ci abinci, alhali ga ni tsaye ina jin ta. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Duk ranar da aka kawo kifi daga tafki, mafi tsoka a kwanona yake ƙarewa, Rabi ta kawo tana dariya ta ce wai Inna ta ce saura ne, in ba na so a ba kyanwa. Haka na girma na san uwata ta gefe ɗaya: kunnenta na dama, da tsagar kumatunta na dama, da yatsunta suna juya kaba. Ni ma na ɗauki halin. Har na yi furfura, in na zo gaisuwa a bakin ƙofa nake durƙusawa in gaida ɗakin, Rabi ta amsa mini, don tun rasuwar mijinta ta dawo gida tana kula da Inna. Su kuwa ƙannena faɗawa ɗakin suke, su miƙe a kan gadonta suna yi mata tsiya tana korarsu da mafici. Ina jin kishin wannan, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Aikina kuwa, da kuke ce wa abokanku babanku likita ne, ban taɓa zama likita ba. Mai gyara da auna injunan asibiti ne ni, a wani gidan duba ido a Maraɗi, kuma abin da aka tura ni na koya musamman shi ne auna hasken leza. Bari in faɗa muku a taƙaice, don sauran labarin ba ya ganuwa sai da shi. Ciwon sukari in ya daɗe yakan sa wasu jijiyoyin jini marasa ƙwari su tsiro can ƙuryar ido, a kan shimfiɗar da ke karɓar gani. In an bar su sukan fashe, jini ya cika idon, daga baya su ja shimfiɗar ta ɓalle. Maganin shi ne likita ya aika haske siriri ƙwarai ta ƙwayar ido, ya yi ta ɗiga ƙananan ƙuna a gefe-gefen shimfiɗar har jijiyoyin su janye. Wuta ce ake sakawa cikin idon mutum da gangan. Saboda haka kafin a kunna wa kowa, sai wani ya tabbatar ƙarfin hasken ya yi daidai da lambar da injin ke nunawa, faɗinsa ya yi daidai, kuma siffarsa da'ira ce mai zafi ɗaya daga tsakiya har baki. Ni ne mai tabbatarwar. Kayan aikina ba su da yawa: ma'aunin ƙarfi, da baƙin kati, da gilashin ƙara girma mai layukan awo a jikinsa. In harba sau goma a kan katin, in matsa shi gaba kaɗan in harba, in ja shi baya kaɗan in harba, sannan in sa gilashi in duba. Haske mai lafiya yana tsukewa daidai ta kowane gefe har ya kai inda ya fi siranta, sannan ya sake buɗewa, kamar wuyan gora, kuma tabonsa ko'ina da'ira ne. In na gamsu in sa hannu a takarda, in ban sa ba injin ba ya aiki. Abokan aiki Malam Sake-Aunawa suke ce mini, ban taɓa jin haushin sunan ba.

Shekarar da nake ba ku labari, da farkon bazara, Rabi ta tare ni a zaure wata Juma'a ta nuna mini faifai biyu. Inna ta yi suna da faifanta, har daga Gabi ana zuwa saye don kayan ɗaki, zagayensa kamar an zana. Waɗannan biyun kuwa sun karkace, jar kaba ta shiga inda baƙa ta kamata. Rabi ta ce wata uku ke nan Inna na cewa tana ganin ƙudaje suna yawo a gabanta, kuma ta hana a gaya mini. Na san tana da sukari, ni ke aiko da magani, amma ban taɓa tambayar idonta ba, ni da nake yini cikin zancen idon mutane. Aka yi sa'a a lokacin wata likitar ido ta zo daga Yamai za ta yi mako biyu da mu, tare da injin leza da wasu masu taimako suka ba gidan namu, irinsa na farko da muka taɓa samu. Sa'idu ya kawo Inna Maraɗi. Ni na tsaya a baranda, don ba za ta yarda a buɗe mata ido ina cikin ɗakin ba. Likitar ta fito ta ce mini idanun biyu duk suna bukatar leza, kuma ba abin jira ba ne. Ta sa sunan Inna cikin na farko-farko, ranar Litinin.

Ranar Asabar da safe na buɗe akwatin injin. Tun kafin in kunna na ga matsala. Hasken ta wata igiya yake bi daga injin zuwa madubin da likita ke leƙawa, wajenta roba, cikinta zaren gilashi siriri kamar gashi, kuma ba a lanƙwasa ta sosai. Wani bawan Allah a hanya, da kyakkyawar niyya, ya ga tana reto, ya naɗe ta tamau a gwiwar hannu yadda ake naɗe igiyar guga, ya ɗaure da yankin robar taya don kada ta ja ƙasa. Na warware ta a hankali ina addu'a. Na harba goma a kan kati, na sa gilashi. Ba da'ira ba ce. Tabon ya fito kamar ƙwayar wake, gefe ɗaya ya ƙone har ya huda katin, ɗaya gefen da ƙyar ya yi toka-toka. Na matsa katin gaba, waken ya kwanta. Na ja shi baya, ya miƙe tsaye. Ma'aunin ƙarfi kuma kowane harbi da abin da yake faɗa, in na taɓa igiyar da yatsa sai lambar ta yi tsalle. Na goge bakin igiyar na sake. Na kashe injin na bar shi ya huce na sake. Na zargi katin, na zargi gilashina, na zargi wutar gari har na sa aka tada gurup, injin wutarmu na bayan gida. Har azahar ina abu ɗaya. Kati shida na cika ina neman guda ɗaya da zai yi mini ƙarya, ban samu ba.

Likitar mace ce mai hankali da sanin aiki, ba na son ku riƙe ta da komai. Ta daɗe tana duba katunan, sannan ta ce za ta iya rage ƙarfin, ta yi nesa da tsakiyar gani, ta riƙa lura da kowane tabo da idonta. Ta ce ta yi aiki da injunan da suka fi wannan tsufa. Na ce mata tsufa daban, wannan daban. Injin da ba ya ba da abu ɗaya sau biyu, ba wanda ya san abin da harbi na gaba zai yi, yana iya huda jijiya ya jawo zubar jinin da ake gudu. Lokacin da nake koyon aiki na ga wani tela da irin haka ta faru da shi, ya shigo yana iya zura zare a allura, ya fita da ido ɗaya a rufe. Sai ta faɗi abin da har yau nake ji a kunnena.

"Malam Haruna, in ba a yi ba, na san abin da zai samu idon mahaifiyarka. In an yi da wannan, ban sani ba, yana iya yin kyau. Ka yi tunani."

"Likita, in na sa hannu saboda ita, na sa wa duk wanda ke layin ke nan. In kuwa na ce a yi wa na mutane a bar tawa, kin san abin da na zama."

"Sabuwar igiya sai an aiko da ita daga waje, wata nawa ban sani ba. Ni kuma ba ni dawowa sai bayan kaka."

Na ce mata na sani. Na rubuta a takarda cewa injin bai cancanci a taɓa idon mutum da shi ba, na cire igiyar na kulle a akwatina. Ita kuma ta rubuta wa kowane majinyaci takardar zuwa Yamai, inda akwai wani injin. Ta Inna ta ba ni a hannuna, ta ce kada a wuce wata guda. Wannan ita ce shawarar da Baba Ƙarami ya riƙe ni da ita. Na juya ta a raina fiye da yadda shi ya juya ta, kuma ga abin da zan ce muku: ban san abin da injin nan zai yi wa idon Inna ba, mai yiwuwa ne da ya cece shi. Amma da za a sake ajiye mini katunan nan shida a gabana, ba zan sa hannu ba.

Ranar Litinin mutane suka zo daga ƙauyuka, wasu a amalanke da 'yan rakiyarsu, aka ba su takarda aka ce su koma. Kafin la'asar labari ya riga ni isa Madarumfa, kuma ya canza kama a hanya: wai Haruna ya taɓa injin Turawa ya lalata shi, shi ne ya fake da cewa da ma ba shi da kyau. Na sami Sa'idu a garkarsa a bakin tafki yana ban ruwa. Sallamata ma da ƙyar ya amsa. Na ciro katin zan nuna masa, ya ƙi karɓa, ya ce hannunsa da laka.

"Yaya, likita ta ce tana iyawa, ko ba ta ce ba?"

"Ta ce tana gwadawa."

"To kai mi naka a ciki? Ita ta yi karatun ido ko kai? Don ɗigon da ko kashin ƙuda ya hi shi girma ka maido tsohuwa gida. Da yake ba ita ta goya ka ba."

Maganar ƙarshen nan ta shige ni. Na mayar da katin aljihu na bar masa garkar. Daga ranar ni da shi sai gaisuwa, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labarin injin da yayansa ya lalata.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Daga garkar na wuce gida da takardar Yamai. Inna na ɗaki, labule a sake. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗaga labulen nan in shiga, in zauna a gabanta in ce, Inna, gobe za mu Yamai, ni zan kai ki, in ba mu je ba za ki makance. Maganar ba ta fi haka ba. Amma shekara hamsin da wani abu ban taɓa yi mata magana kai tsaye ba, kuma ranar, da zancen Sa'idu a kunnena, na ji ba ni da fuskar farawa. Sai na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, na ba Rabi takardar, na ce ta gaya wa Inna a shirya, na yi magana da mai mota, kuma akwai gidan abokina da za su sauka. Rabi ta shiga, na ji ƙus-ƙus, ta fito ta ce Inna ta ce ta ji, a bari zafin nan ya ɗan sauka. Na ce to, na tashi na hau motona, wato babur, na koma Maraɗi. Wannan ne laifina.

Juma'a ta gaba aka ce a bari a yi shuka. Ta gaba, jikar wance na gab da haihuwa. Sannan ruwa ya ɓata hanya, sannan azumi, sannan ƙafarta na ciwo. Ina yi wa Rabi faɗa a zaure, har na taɓa sa ta kuka, ita kuma ta ce yaya za ta yi, ta ɗaure Inna ta sa a mota? Na aiki limamin unguwa, na aiki tsohuwar ƙawarta, kowa na aika, ni ne kawai ban je ba. Uwarku, da take ce muku ba ni da laifi, ita ce ta dube ni wata rana ina cin abinci ta ce, Malam, ka shiga ka gaya mata da bakinka mana, ai ba cinye ka za ta yi ba. Na daka mata tsawa na ce ba ta san yadda gidanmu yake ba. Ba ta ƙara tada zancen ba, har yau, kuma ta rufa mini asiri a gabanku fiye da yadda na cancanta. Abin da ke kwantar mini da hankali a lokacin shi ne, duk zuwan da na yi ina hango Inna ta gefen labule da faifai a cinya, yatsunta na aiki. Sai in ce a raina, tunda tana saƙa, da sauran lokaci. A Maraɗi kuwa kullum ina kan waya ina bin sawun igiya, yau a ce ta taso, gobe a ce ana jiran wata takarda. Na sa raina duka a kan igiyar nan, don ita ce na san yadda ake yi da ita.

Ana cikin yankan gero, wata Talata da hantsi, Rabi ta kira ni a waya. Ta ce Inna ta tashi ta tambaye ta me ya sa yau gari ya ƙi wayewa. Ranar ban aiki kowa ba. Na ɗauko mota, Sa'idu ya ɗauke ta a hannu ya sa a baya, Rabi a gefenta, ni a gaba, muka yi Yamai. Yini guda cur muna hanya, Rabi na ta tambayarta ko za ta sha ruwa. Likitar nan dai ita ta duba ta. Ta ce idon hagu ya daɗe da tafiya, tun tsakiyar damina jini ya cika shi, shimfiɗar ta ɓalle ta ƙanƙance. Na dama shi ne sabo, shi ma abin ya kai tsakiya. An yi ƙoƙarin da za a iya, bai dawo da komai ba sai bambancin rana da inuwa, shi ma bai daɗe ba. Likitar ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Na so a ce ta faɗa, da na ji sauƙi.

Bayan mun dawo ne Rabi ta zaunar da ni a zaure ta kwance mini komai, tana kuka, ta ce ta gwammace fushin Inna da ta ci gaba da riƙe abin a cikinta. Tun da idon hagu ya rufe Inna ba ta ƙara iya saƙa ba. Amma duk Juma'a, da ta ji ƙarar motona, sai ta ce a miƙo mata faifan, ta ɗora a cinya tana soka kaba ko'ina, in na tafi Rabi ta warware. Faifai ɗaya ne tun damina. Ni da nake gane karkatar tabon da bai kai ƙwayar gero ba, wata uku ina kallon faifan da ba ya ƙaruwa ban lura ba, don ta gefen labule nake kallo. Na tambaye ta dalilin ƙin zuwa Yamai, ko tsoro ne. Ta ce ba tsoro ba ne. Ranar da na kawo takardar, matan unguwa sun riga sun shigo jaje, suna ta zancen wai na lalata inji. Da Rabi ta shiga da saƙona, ga abin da Inna ta ce mata:

"In na tahi Yamai, cewa za a yi ko wadda ta haihe shi ba ta yarda da aikinshi ba. Ba ni zuwa. Shi ya ce injin ba shi da lahiya, shi zai gyara shi, nashi nike jira. Ki ce mai zahi ya yi yawa. In kin hwaɗa mai gaskiya ban yahe ba."

Kun ji. Ita tana ciki tana tsare mini mutunci da idonta, ba ta iya faɗa mini don kunya. Ni ina bakin ƙofa da maganar da za ta warware komai, cewa ni da kaina nake so ta je, zuwanta ba zai rage ni da komai ba, ban iya shiga na faɗa ba don kunya. Taku uku ne tsakanin inda nake durƙusawa da gadonta, na auna daga baya. Ba na ce ku zagi iyayenmu ba, da kunyar nan aka riƙe gidaje da yawa. Amma ke Hadiza, da kika haifi ɗanki na fari gwaggwanninki suka fara cewa kada ki kira sunansa, na yi faɗan da kuka ce tsufa ne ya fara taɓa ni, to yanzu kin san daga inda faɗan ya fito.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa Baba Ƙarami wannan, ya daina zargina. Na yi niyya ba sau ɗaya ba. Amma zancen lalata inji, wanda shi ya tsayar da Inna a gida, bakinsa ya fi na kowa yaɗa shi, bai sani ba. Shi ne kuma wanda kullum da safe, kafin ya tafi garka, yake riƙe hannunta ya fito da ita gindin bedi ya gyara mata tabarma. Na dube shi na ga in na ɗora masa wannan kayan ba zai iya ɗauka ba, ni kuwa na riga na saba da nawa. Na roƙi Rabi ta yi shiru, ta yi. Ya rasu yana ganin laifina, mun yi shekaru muna zama tabarma ɗaya a wurin suna da jana'iza ba mu haɗa ido. Ɗan'uwana ɗaya namiji ke nan, kuma na yi kewarsa tun yana da rai. Yanzu da ba abin da zai same shi nake faɗa, kuma 'ya'yansa in sun karanta su sani ban riƙe shi da komai ba.

Igiyar ta iso bayan an kai gero rumbu, cikin faffaɗan kwali, a kwance yadda ya kamata. Na ɗaura ta da safe na harba goma. Da'ira goma, gaba da baya duk ɗaya, ma'auni ya tsaya cak a lamba guda. Tunda nake aiki ban ga haske mai kyau irin wannan ba. Na sa hannu a takarda, na rufe ƙofa, na zauna na yi kukan da ban yi a Yamai ba. Injin nan ya yi wa mutane da yawa aiki bayan haka, wasunsu har yau in mun haɗu a kasuwa sai sun tsaya sun gaishe ni. Waɗanda aka mayar ranar Litinin ɗin nan kuwa, wasu sun je Yamai, wasu sun tsallaka iyaka, wasu ban san yadda suka ƙare ba, kuma ina tuna su.

Juma'ar makon na je gida da katin a aljihu, ban ma san me zan yi da shi ba. Bayan an sauko daga masallaci na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama. Rabi ta buɗe baki za ta amsa, sai na ji muryar Inna.

"Rabi, hita ki ba mu wuri."

Rabi ta dube ni, ta raɓa ta wuce. Na ɗaga labulen na shiga. Ashe ɗakin ƙarami ne. Inna na zaune a bakin gado, hannayenta a cinya ba komai a cikinsu. Na zauna a tabarma.

"An ce igiyar taka ta zo."

"Ta zo, Inna."

"Ka auna?"

"Na auna."

"Ta yi daidai?"

"Ta yi daidai, Inna."

"To alhamdu lillahi. Da ma na ce masu kana gyara shi."

Na so in roƙi gafara, na so in tambaye ta me ya sa. Sai na ga ta ɗago kai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya wajen da ta ji muryata, ta buɗe idanun nan tana dubana, ba sunkuyawa, ba kauda kai. Ranar na fara ganin fuskar uwata ta gaba. Ashe tsagarta ta hagu ta fi ta dama tsawo, ashe girata irin tata ce. Sai dai ta ɗan kuskure. Dubanta ya wuce ta gefen kafaɗata da kamar taƙi guda, ya sauka a bango, inda aka rataye faifan da bai ƙaru ba. Bangon take yi wa murmushi.

Duk rayuwata, in haske ya kauce, akwai abin da nake murɗawa ya dawo inda ya kamata. Wannan ba shi da abin murɗawa. Sai na dafa tabarma a hankali don kada ta ji, na ja jikina na matsa, har na shiga daidai inda take kallo. Muka zauna haka har aka kira la'asar.